Garin Kwaki Mai Warin Kananzir

Ni ne auta a gidanmu, kuma ba na musu, Inna ta shagwaɓa ni. Har na samu gurbin karatu a kwaleji a Katsina ban taɓa wanke ko hulata ba.

Ana gobe zan tafi, taubashina, ɗan kawuna na Safana, ya zo Batsari a kan babur wai yi mini sallama. A zaure, gaban Baba da maƙwabta, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan? Wallahi kafin a yanke gero zai dawo yana kiran Inna." Aka kwashe da dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi. Amma Baba bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "In ka dawo kafin hutu, fartanyarka na nan. Boko ya ƙare."

Don haushi na hana kowa taɓa mini kaya, ni kaɗai na shirya abina. Na cusa garin kwaki da galan ɗin kananzir na risho a buhu ɗaya. Kafin bas ta kai Katsina murfin ya saki.

Kai, wannan gari! Na shanya shi a rana, na soya shi, warin yana nan daram. Komawa gida neman wani kuwa, ai faɗuwa ce. Haka na riƙa toshe hanci ina turawa, kowane cokali sai na ja wa taubashina Allah ya isa. Cikin wannan baƙin cikin na koyi wanki, na koyi dafa shinkafa da wake, na koyi ajiye sabulu daban, abinci daban. Har yau ba na haɗa su.

Amma na ƙulle ragowar garin a leda na ɓoye ƙasan akwati. Ina sane.

Da aka ba da hutu na koma gida, sai ga taubashina ya zo ganin yadda na rame. Na ce, "Zauna, taubashi, yau ɗan Inna zai yi maka hidima." Na jiƙa garin, na zuba sukari da ƙuli-ƙuli, na ajiye masa a gaban Baba.

Cokalin farko idonsa ya kawo ruwa. "Kai, mene ne wannan?"

Na ce, "Abincin 'yan kwaleji. Shi na ci har aka yanke gero, aka sussuke, ban dawo ba."

Baba ya miƙa hannu ya ɗanɗana. Ya daɗe yana taunawa yana kallona. Sannan ya tura kwanon gaban taubashina.

"Cinye shi tas. Ai wasa ne, ba a fushi."