Dodannin Koɗi a Randar Kaka

Laifina ne, kuma ƙaramin laifi ne, sai dai saura ƙiris ya ci randar Kaka. Farkon damina na kamo 'yan tarwaɗa uku a tafkin bayan gari, ina kiwonsu cikin wani tsohon kasko bayan rumbu, na ɗora musu kainuwa don inuwa. Ranar da akuya ta taka kaskon ya tsage, Kaka ta tafi barka, sai na juye su cikin randarta har da kainuwar. Kafin ta dawo na samo wani kasko na kwashe komai tas. Wato a ganina tas.

Randar nan da ita aka kawo Kaka daga Tsiga tana amarya, uwarta ce ta gina ta da hannunta. Ruwanta in ka sha da tsakar rana sai haƙoranka sun yi maka Allah ya isa.

Bayan kwanaki Kaka ta leƙa ciki, ta saki salatin da ya kori tantabarun gidanmu har Danja. Wasu 'yan abubuwa ne manne a jikin randar, ba su wuce ƙwayar dawa ba, suna tafiya a hankali. Kawu, ƙanen babana, ya duba ya girgiza kai.

"Inna, ruwan rijiya ba ya haifar da wannan. Jifa ce. Ana idar da la'asar zan kai ta mararraba in fasa."

Kaka ta zauna ta dafa bakin randar, ta ƙi cin abinci. Kullum in ta gan ni sai ta ce, "Ga maigidana, ragon miji." Ranar ko kallona ba ta yi ba.

Na ce, "Kawu, wallahi ni ne. Kifi na sa a ciki."

"Kai? Kai da ka ce ka ga kura tana tallar nono? Tashi ka ba ni wuri."

Ka ji ranar da na faɗi gaskiya, aka rasa mai saye. Na ɗauko ɗaya daga 'yan abubuwan da ke jikin randar, na naɗe a ɗanyen ganye, na zura da gudu tafki in samo 'yan'uwansa in nuna wa Kawu. Na bi duwatsun bakin ruwa na tsinto dodannin koɗi cike da hula. Da na gwada su sai na ga ba iri ɗaya ba ne. Nawa duk masu tsini ne, irin katantanwar da muke murzawa. Na randa kuwa a kwance yake, naɗaɗɗe kamar gammo. Na shiga laka har gwiwa, matsattsaku suka yi walima da ƙafata, ban ga irinsa ko ɗaya ba. Inuwa tana ta tsawo. Har na fara cewa ko Kawu ne da gaskiya, na yi ta kuka, hawayena suna ƙara wa tafkin ruwa.

Wani tsohon masunci yana gyaran koma a gindin marke, ya kira ni.

"Kai ɗan nema, wa ya mutu?"

"Baba, randa ce za ta mutu." Na buɗe masa ganyen.

Ya kawo shi kusa da ido, ya yi dariya. "A kan dutse kake neman wannan? Mai tsini shi ne na dutse da laka. Mai gammo a ƙarƙashin kainuwa yake kwana. Juya ta ka duba saiwa."

Na fizgo kainuwa ɗaya na juya. Ga su nan birjik, manya da ƙanana, har da wani abu mai yauƙi kamar majina, wai ƙwansu ne. Na rungumi kainuwar na kwasa, ina jin ladan yana kiran la'asar. Ko godiya ban yi wa tsohon ba.

Na iske Kawu ya zubar da ruwan, ya jawo randar ƙofar gida. Na zube gabansa, na ajiye na randa kusa da na kainuwa. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya kira Kaka ita ma ta duba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe kai ne majefin, ragon miji."

Ba a fasa randar ba. Kawu ya yi mini bulala da tsumagiyar tsamiya, aka soye 'yan tarwaɗata da yamma. Kaka ta wanke randarta da toka, ta shanya ta kwana uku, har yau daga cikinta take sha. Ni dai an hana ni taɓa faifan da ke bakinta.