Andiyamon Inna

Baba bai bar mana gona ko shanu ba, kalma ɗaya ya bari: andiyamo. A wurin Turawan da ya yi wa tuƙi lokacin aikin titi ya ɗauko ta. Kullum safe idan zai fita sai ya daki ƙyaure ya kwaɗa ta, kaji su watse. Da ya rasu Inna ta gaje ta. Da ita take tashin awaki, da ita take kora mu makaranta, ko tukunya ta ƙi tafasa sai ta sha andiyamo.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa a garinmu Ƙaura ya zama malami. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Wagga kalma taki, kin san ko sunan gunki na? In ba ki san asalinta ba ki bar ta."

Inna ta bari. Gida ya yi tsit, ita kuma ta fara ramewa, raina ya ɓaci ƙwarai. Na saka ta a mota muka fita cigiyar asalin kalma kamar masu neman ɓatacciyar akuya.

A Zurmi wani abokin Baba ya rantse sunan giya ne. Inna ta saki salati. Ƙanensa ya ce ƙarya ne, sunan karen Bature ne. Nan suka kaure da musu, mu kuwa dariya ta hana mu sallama. A tasha aka ce mu je Shinkafi, akwai alhaji mai fataucin fatu da ya sha zuwa Italiya.

Alhajin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Hajiya, Italiyanci na. Ba gunki, ba giya, ba kare. Mu tahi, shi kenan. Tushenta dai tsohon harshen Rumawa na, amma su kansu malamansu har yau musu sukai a kai."

Inna ta dafa ƙirji. "Mu tahi? Ashe kullum cewa shikai mu tahi, ni ko ina tsaye riƙe da tsintsiya!" Ta yi ta dariya har hawaye ya zubo, ban san inda dariyar ta ƙare kuka ya fara ba.

A tashar Shinkafi direba ya tsaya surutu. Inna ta daki ƙofar mota ta kwaɗa andiyamo, har fasinjoji suka zabura. Da muka hau titi ta juyo ta ce mini a hankali, "Da na sani, da na bi shi ko sau guda."