Ranar da Yaya Mumuni ya share kakanninmu

Kun san Yaya Mumuni. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wanka, sai ya yi wa kwamfutarsa shara. Mutumin da bai taɓa ɗaga tsintsiya a gidanmu na unguwar Nima ba!

Ɗansa Sule ne ya aiko masa da ita daga Jamus, bayan Yaya ya bar gyaran agogo. Ni ce ƙanwarsa, Ladi mai sayar da wakye, shinkafa da wake, a unguwar Mamobi. Ban yi boko ba. Abin da na gani nake faɗa.

Akwai wani abu a cikinta da yake kira difirag. In ya kunna, ƙananan akwatuna shuɗaye su cika gilashin, suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Wai kayan cikinta ake kintsawa don ta yi sauri. Awa uku! Yana zaune yana kallo kamar ana buga ƙwallo.

"Ladi, zo ki gani! Sun kusa daidaita sahu!"

"Yaya, abincinka na hucewa."

"Kar ki taɓa komai! In kika taɓa, daga farko za ta soma."

Na taɓa. Ta soma daga farko. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Amma wakye ya ci.

Diskin waje kuwa ba ya shiga sai an duba ko yana da cuta. Ran nan limamin unguwa ya kawo nasa, a buga masa wasiƙa.

"Haba Mumuni, har nawa?"

"Malam, kai kana barin mutum ya bi ka salla ba alwala?"

Aka duba. Yaya ya yi tsalle: "Uku! Malam, cuta uku!" Liman bai ƙarasa shayinsa ba.

To ga babbar. Wata uku Yaya yana buga sunayen kakanninmu da yatsa ɗaya, tun daga Kano, ta Salaga, har Nima. Wane ya haifi wane. Ni nake faɗa masa, don ni Inna ta koya wa. 'Ya'yan Sule za a kai wa, waɗanda ko sannu ba su iya ba, kada su tashi ba asali. Mai tafiya Jamus da zai kai musu zai tashi Litinin. Na ce ya ajiye kwafi a diski. Ya ce diski tsada, sai ranar tafiya.

Ranar Juma'a ya saka wa kwamfutar sabuwar mai shara da ya sayo a Adabraka. Duk abin da ta tambaya da Turanci, ya danna e. Wai mai shara ba ya shawara da datti.

Bayan masallaci sai ga shi a rumfata, ba hula, gumi sharkaf.

"Ladi! Na share su!"

"Su wa?"

"Kakanninmu! Duka! Har Inna!"

 

Na ce, "Zauna." Na yaga kwalin taliya na ba shi. Ina zuba wa mutane wakye, ina jero sunaye, yana rubutawa. Ban tsallake kowa ba, har Kaka Binta da ta auri Bagonje, ba Bahaushe ba, aka daina faɗarta.

Da muka gama ya dube ni. "Ke wa yake yi wa kanki difirag?"

"Wahala."

Asabar da Lahadi bai fito ba. Litinin ya miƙa diski. Uku ya saya, yana ƙunƙuni. Ɗaya na cikin akwatina har yau.

Da Yaya ya rasu, Sule ya zo gida. Bayan addu'ar bakwai, ya buɗe sunayen, ya tambaye ni ko akwai abin da ya rage. Na ce ya ƙara ɗaya a ƙarƙashin na Baba, don Yaya bai sa nasa ba.

Allah Ya share maka zunubanka, Yaya. Ya daidaita ka a sahun mutanen kirki. Sunanka yana kaina, ba mai share shi. Amin.