Yadda Baba Ya Gano Makamai a Gonarsa

Sau ɗaya Baba ya taɓa shiga jirgin sama, ban da na aikin Hajji, wanda ya ce ba ya cikin lissafi tunda a tsakiya aka zaunar da shi, nesa da taga. Wanda yake ji da shi ƙaramin jirgin feshi ne da ya shiga tun yana saurayi yana tuƙa tarakta a manyan gonakin dawa na Gadambaliya. Tsuntsaye sun addabi gonaki, aka kawo jirgi, matuƙin ya nemi wanda ya san iyakoki ya nuna masa, aka tura Baba. Tafiyar ba ta kai tsawon shan shayi ba. Amma tun daga ranar duk Gadarif babu wanda ya kai shi sanin yadda ƙasa take idan an kalle ta daga sama. Haka dai yake faɗa. Inna kuwa ta ce wanda ya riƙe shi ya sauko ya rantse mata idonsa a rufe yake daga tashi har sauka.

Wannan ilimi ya yi shekaru yana jiran ranarsa, sai da yaƙi ya zo. Makarantar da nake koyarwa ta cika da waɗanda suka gudo daga garuruwansu, na dawo gida na zauna. Wayoyi kuma suka cika da hotunan tauraron ɗan'adam. Kullum sai an turo sabo, fili fari fat ko baƙi ƙirin, wani da ba a sani ba ya zana jar da'ira a kai, ya rubuta cewa daga nan ake harba makamai masu linzami. Dattawan unguwa ba su iya karanta irin waɗannan hotuna ba, sai suka tuna suna da gwani.

Bayan la'asar suke taruwa a rumfar ƙofar gidanmu. Aikina in kawo gahawa, in kuma riƙe waya, don idan Baba ya taɓa ta da yatsansa hoton guduwa yake yi. Yakan ɗora tabarau biyu, nasa da na Inna, ya ce da ni, "Uwata, buɗa shi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa. Sai in ja hoton ya yi girma, shi kuma ya yi ta dubawa har sai kowa ya ƙosa.

A gaskiya yana da hanyar aikinsa, kuma ba ta banza ba ce. Inuwa yake fara dubawa, ya ce ita ke faɗar tsawon abu. Sai sawun taya, ya ce mota mai nauyi ba ta iya ɓoye kanta a baƙar ƙasarmu. Sau da yawa yakan ture hoto ya ce, "Wannan wurin ajiye tarakta ne, ya jama'a, ku bar tayar da hankalin mata." Ran nan ma ya gano cewa wani sansanin da aka yi ta yayatawa kasuwar raƙuma ce. Wannan nasara ce ta ɓata shi. Daga nan ya daina cewa "ina jin", ya koma "na tabbata".

Wata Talata maƙwabcinmu mai shagon kayan tarakta ya zo da hoto a gurguje. An rubuta a ƙasa cewa wurin yana kusa da mu, ta wajen Gadambaliya. Da'irori shida ne a jere, uku nan uku can, a kan ɗan tudu. Gefe guda ga wani dogon abu an lulluɓe shi, ga bukka ɗaya, ga sawun taya ya bar babbar hanya ya zo ya tsaya a wurin.

Baba ya daɗe a kai fiye da kullum. Gahawarsa ta huce. Can ya cire tabarau ɗaya ya ce, "Wannan kam shi ne. Ramuka ne aka rufe bakinsu, makaman suna ciki a tsaye. Dogon nan motar ɗaukar su ce. Ku dubi yadda aka zaɓi tudu don kada ruwa ya shiga. Wanda ya tsara wurin nan, wallahi, ba ƙaramin mai kai ba ne."

Kafin a yi sallar magariba hoton ya sake zagaya gari, an ƙara masa layi guda: wani masani a Gadarif ya tabbatar. Da na karanta wa Baba, washegari da farar jallabiyarsa ta Juma'a ya fito rumfa.

Ranar Alhamis da hantsi wata mata ta yi sallama, ƙafafunta duk ƙura. Matar maigadin gonar Baba ce. Mijinta dattijo ne, tare suka yi tuƙin tarakta da Baba tun suna samari, kuma shi ke zaune a gonar rani da damina. Ko ruwan da Inna ta miƙa mata ba ta karɓa ba. Ta durƙusa ta ce, "Hajji, sun tafi da shi. Masu tsaron shingen hanya suka zo jiya da hoto a waya, suka ce me ke ƙarƙashin ƙasar nan. Ya ce shi ba zai faɗa ba. Suka sake tambaya, ya ce amana ce. Khalas, shi ke nan, suka sa shi a mota."

Baba ya ce, "Wane hoto?"

Na riga na ɗauko waya. Ya karɓa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya juya ta sama ta koma ƙasa. Na ga leɓensa yana motsi yana ƙirga da'irorin. Ya daɗe a kan dogon abin nan da aka lulluɓe, wanda daga baya na gane tirelar da ya saya ce ba taya, yana ta alkawarin gyara ta tun ina aji uku.

Matmurorinsa ne. Matmura rami ne babba da manomanmu ke haƙawa a tudu, a shimfiɗe shi da ƙaiƙayi, a cika da dawa, a rufe da ƙasa. Idan an yi shi da kyau hatsi yakan yi shekaru lafiya lau. Sai dai matmura ba ta da ƙofa balle kwaɗo, rufin asiri ne kaɗai makullinta. Shi ya sa Baba ba ya sa 'yan gari haƙa. Sai ya jira ƙarshen girbi ya ɗauki ma'aikatan da ke zuwa daga ƙetaren iyaka, waɗanda za su koma gida da sirrin. Mu 'ya'yansa mun san akwai dawa a wani wuri, amma ba mu san ina ba. Mutum biyu ne suka sani a ƙasar nan, ɗaya yana hannun masu tsaro, ɗayan kuma shi ne masanin da ya tabbatar.

Inna ta leƙa hoton ta bayan kafaɗarsa ta ce, "To, Hajji, ai ka faɗi gaskiya guda ɗaya. Ka ce mai wurin ba ƙaramin mai kai ba ne."

Babu wanda ya yi dariya, har ita. Dukanmu mun san abin da dawar nan take a wurinsa. Baba ya ga shekarar yunwa yana ƙarami, ya ga mahaifiyarsa tana tone gidan tururuwa tana neman ƙwayoyin da suka tara. Bai cika ba da labarin ba, amma ba ya iya wuce ƙwayar hatsi a ƙasa bai sunkuya ba. Ga shi yanzu gari ya cika maƙil da masu jin yunwa, hanyoyi a rufe, ba wanda ya san ko za a yi noma bana. Idan ya buɗe baki, abin da ya ɓoye don mu ya zama na kowa.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Na bi shi. Ya ce, "Uwata, da za a rubuta musu a waya cewa masanin ya sake dubawa, ya ga ashe ba komai?" Na ce, "Baba, labarin tsoro ne ke gudu, na gyara ba ya da ƙafa. Kuma mutumin nan kwanansa ɗaya a hannunsu." Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba, don a ganina abin bai kai a tsaya tunani ba. Yanzu na san ya kai. Bai fi rabin sa'a ba ya fito da sandarsa ya ce a nemo mota.

Na bi shi har shingen, don ni ce mai riƙe waya. Babban masu tsaron ya saurari Baba da ladabi, ya ce, "Tamam, na ji, ya Hajji. Amma hoton nan masani ya tabbatar da shi." Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Ni ne masanin." Mutumin ya kalle shi, ya kalle ni, ya juya baya yana gyara hula, yana danne dariya. Da ya juyo ya ce duk da haka sai ya gani da idonsa, kuma duka shidan.

Aka fito da maigadin. Bai yi barci ba, idonsa ya faɗa. Bai gaida kowa ba sai da ya zo gaban Baba ya ce, "Hajji, ban faɗa musu ba." Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta ranar ba.

Kafin mu isa gona labari ya riga mu. Mutanen ƙauyukan kusa sun taru daga nesa, wasu a kan jakuna, don kallon makamai. Aka sa magirbi da shebur. Da aka yaye ƙasa aka kai ga ƙaiƙayi, ƙamshin tsohuwar dawa ya taso, sai taron ya matso. Babu wanda ya taɓa ko ƙwaya. Tsayawa kawai suka yi suna kallo, rami bayan rami, kuma wannan kallon ya fi mini kwasa nauyi.

Matmurar da aka buɗe ba ta sake rufuwa, don iska ta shiga kuma ido ya gani. Aka fara kwasowa gida a buhuna. Gidanmu kuwa ya ga gaisuwa. Dangin da muka manta da su suka tuno da mu daga garin Shuwak. Matan da ke zaune a ajina suka zo yi wa Baba barka da kuɓutar abokinsa, kowacce da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, wai ta manta ne ta taho da ita. Baba yana faɗa yana aunawa. "Ni gwamnati ce? Ni na kawo yaƙin? Miƙo ƙwaryar." Ya rantse ramin ƙarshe namu ne, ba mai taɓa shi. Ya cika rantsuwarsa kwana tara.

Ranar da aka kwashe na ƙarshen na raka shi. Rana ta yi sanyi, masu mota sun tafi da kaya, saura ni da shi da maigadin. Baba ya ce a sa masa tsani. Muka hana, ya yi kamar bai ji ba. Ya sauka da tsintsiya ya share gindin ramin tsaf, ya tara abin da ya samu, rabi dawa rabi ƙasa, ya ƙulle a bakin rawaninsa. Daga can ƙasa ya ɗago kai ya dube ni, ya yi ƙanƙanta ƙwarai a cikin ramin.

Ya ce, "Uwata, tsoro nake ji. Tun ina da ƙarfina ban taɓa wayar gari ba ni da komai a ƙasa ba."

Na riƙe tsanin ya hau.

Da muka koma gida Inna ta kawo masa tuwo. Ya ci rabi, ya rufe sauran da faifai ya tura gefe, ya ce a ajiye na gobe. Inna ta buɗe faifan, ta mayar da kwanon gabansa, ta zauna kusa da shi a kan tabarma, abin da ba ta yi a gabanmu. Ba ta tashi ba sai da ya cinye.