Kwanon da Yake Dawowa Wayam

Ku ba ni aron kunnuwanku, jama'a. Ga ta nan, sai dai ba tatsuniya ba ce, don mai ita yana kwance a maƙabartar Tiga. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Damina goma sha bakwai ke nan da rasuwar Baban Habibu. Ɗana ne na fari, shi ya sa har yau bakina bai iya kama sunansa ba. A nan ya tashi bayan ruwan dam ya ci garinmu, ya zama masunci.

A unguwarmu maza ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane gida ya fitar da kwanonsa, su kewaye su ci tare. Kullum nasa wayam yake dawowa, ni da matarsa Talatu muna hamdala. Ashe maƙwabta ne suke cinyewa. Shi loma biyu zai yi ya ce ya ƙoshi. In aka matsa masa ya ci, sai ya zaga baya ya sa yatsa a maƙogwaro. Wai ya yi nauyi, alhali ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Amininsa Malam Idi ya sani, amma sai a zaman makoki ya faɗa, wai ba a kai wa mata zancen cikin namiji. Ni kuwa ina kallo yana zubewa, kunyar ɗan fari ta hana ni zaunar da shi in tambaya. Muka ce sammu ne, muka ce mayu. Wata safiya yana gyaran koma a bakin ruwa, zuciyarsa ta tsaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bara waccan ɗansa Habibu, mai son buga ƙwallo, ya fara ramewa, kwano kuma yana dawowa wayam. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Jika dai ba kunya tsakaninmu, mijina ne na wasa. Na kira shi ɗakina, na dire masa tuwon dawa.

"Maigida, yau a gabana za ka ci. Ko ka samo wadda ta fi ni iya miya?"

"Haba tsohuwa, wannan miyar taki ai ko akuya sai an roƙe ta."

"To roƙonka nake."

Ya yi dariya ya yanko loma, hannun ya tsaya a hanya. Sai hawaye. "Kaka, tsoro nake ji. In na ci, ji nake kamar na yi laifi."

Daga asibitin kusa aka tura mu Kano, wajen likitan masu damuwa. Ya ce ciwo ne sananne, yana kama maza kamar yadda yake kama mata, sai dai maza ɓoyewa suke yi. Aka haɗa shi da mai tsara masa abinci kaɗan-kaɗan, aka zaunar da shi cikin wasu maza masu irin lalurarsa, har da mai furfura, kowa yana faɗin tasa. Bai warke rana ɗaya ba, sau biyu yana komawa baya.

Nakan ce, da ubansa zai leƙo yau, me zai ce? Ina jin cewa zai yi, ashe abin yana da suna, ashe ba ni kaɗai ba ne. Na san kwana in ya ƙare ba magani. Amma tambaya ba ta karya kunya, da na sani na yi ta.

Talatu tana nan tana suyar kifi. Malam Idi ya tsufa, amma a wajen ciyayya yanzu hannun kowa yake kallo, wanda ya janye da wuri sai ya bi shi da tambaya. Habibu ya murmure, yana noman rani, an sa ranar aurensa. Kayan marigayi kuwa, komarsa tana rataye, sai kwanon nan, kuma a ciki ɗansa yake ci. Jiya ya ture shi da sauran loma biyu ya ce, "Na ƙoshi, tsohuwa." Na yarda, don a gabana ya ci. Allah Ya jiƙan Baban Habibu.