Barmo, Wa Zai Riƙe Wutsiyar Jirgin?

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, ina bakin aiki a asibitin mishan, Dije matarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka cikawa a Madawa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Mutane sun san ka da gyaran rediyo, da yadda kake hana tsofaffi komawa gida ba su ci tuwo ba. Ni Yosefu, na san ka da ƙera ƙananan jiragen sama da farar kumfar nan mai tauri da ke cikin kwalin firigo, wato firiji, masu siffar jirgin yaƙi, waɗanda wutsiyarsu ke juyawa ɗungum a kan siririn ƙarfe.

Wurin huda wutsiyar nan shi ya sha mana kai. Wutsiyar jirginmu na farko a tsakiya muka huda ta, don a ganinmu nan ne daidai. Yana tashi iska ta fizge wutsiyar, ya kifa cikin gonar albasa, mai gona ya bi mu da faɗa kana ta ba shi haƙuri kana dariya.

Kai ka samo dabara. Ran Lahadi sai ka jira ni in fito daga coci, ni kuma in jira ka ka yi azahar, mu kama hanyar Buza a moto, wato babur. Ina tuƙi, kana bayana ka ɗaga wutsiya soke da ƙarfe. In ta yi ta karkarwa, hujin ya yi baya. In ta yi nauyin juyawa, ya cika gaba. In ta kwanta lif, sai ka daki kafaɗata: "Nan na, abokina, tsaya."

Bayan sadakar bakwai Dije ta miƙo mini wutsiyar jirginka na ƙarshe. Ba ka huda ba, alama biyu kawai ka yi da alƙalamin bik, kusa da juna. Ban san wadda ka zaɓa ba, kuma kumfa ba ta son huji biyu. Na fita da ita hanyar Buza, sai a can na tuna mai tuƙi ba ya riƙe wutsiya. Na kashe moto na zauna. Barmo, ina kewarka ƙwarai.

Ina yi wa Dije, da ƙanenka Ɗahiru, da dukan dangi ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Dije, ki yi haƙuri, na dawo miki da wutsiyar yadda ya bar ta.