Tarihin Gwaggo Rabin-Fuska, Mai Maganin Tabo

Haihuwa da Ƙuruciya

A shekarar 1947 aka haife ta, a wani ƙaramin gari da ke bakin kogi. Mahaifinta maƙeri ne, mahaifiyarta kuwa unguwar zoma ce mai sanin ganye da saiwa. Ba ta yi nisa a karatu ba, amma tun tana yarinya ta gallabi manya da tambayar dalilin da ya sa magani ɗaya yake warkar da wani, ya cutar da wani.

Aure da Sana'a

Ta auri wani kafinta a 1965, ta kuma fara haɗa maganin baƙaƙen tabon fuska da zuma, kurkum, ganyen darbejiya da ruwan lemun tsami. Ƙa'idarta ita ce ba ta sayar da haɗin da ba ta shafa a kumatunta na hagu ba, na dama kuwa ta bar shi domin kwatance. Daga nan laƙabinta ya samo asali. Maigidanta kan ce mata da safe, "Yau wace fuskar zan gaisar, ta gida ko ta kasuwa?"

Jarrabawar 1989

A wannan shekara ƙuraje suka bar wa autarta tabo, sai ta shafa mata haɗin da ta fi amincewa da shi a gefe ɗaya na fuska. Fatar yarinyar mai laushi ce ƙwarai, lemun tsamin ya ƙone ta, rana ta bugi wurin, ya yi baƙi fiye da dā. A nan Gwaggo ta fahimci cewa fatarta mai kauri ba ta isa zama shaida ga fatar kowa ba. Sanin abin da ya dace da fata mai laushi sai an gwada a kanta, ita kuwa ba ta ga halaccin gwaji a jikin wani ba. Ta kife turminta na dakan magani, ta daina sana'a.

Auta ce ta warware lamarin a 1991, da ta ce, "Inna, kin riga kin ɓata rabin fuskata, ai sai ki ƙarasa aikinki." Suka cire lemun tsami, suka rage kurkum, suka riƙa ɗiga kowane haɗi a bayan kunnen Auta su jira wayewar gari. Sannu a hankali tabon ƙurajen ya dusashe, amma na ƙunar bai tafi ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2016 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura, aka binne ta kusa da kabarin maigidanta. Ta bar 'ya'ya uku: babban direba ne, mai bi masa tela ce, sai Auta da ta gaji turmin. Har yau Auta ba ta miƙa wa kowa magani sai ta juya masa kumatunta ya gani, sannan ta nemi ya kawo bayan kunnensa a gwada.